LOTERI: DAGA INA KUƊIN BABBAN RABO SUKE FITOWA?

Yara, a manyan garuruwan ƙasarmu, kamar Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, akwai ƴan rumfuna a bakin hanya inda mutane suke tsayawa su sayi wata ƴar takarda mai lambobi. Wannan takarda ita ce tiken loteri. Wanda ya saye ta yana fata lambarsa ta fito, ya samu kuɗi masu yawa. Wani lokaci kuma mukan ji a rediyo an ce wani mutum a Turai ko a Amurka ya ci miliyoyi da tike guda. Sai kowa ya riƙe baki.

A cikin wannan karatu za mu nemi amsar tambaya ɗaya: kuɗin nan daga ina suke fitowa? Ku ɗauko allo da alli, don da lissafi za mu gano amsar.

Mi ne ne loteri?

Loteri kalma ce da muka aro daga Faransanci. Wasa ne na sa'a da ake yi da kuɗi, wato wani irin caca ne. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan, a ba kowa tike. A wani wasan, lambar tana buge a kan tiken tun kafin a saya. A wani wasan kuma, mai saye shi ne yake zaɓen lambobinsa da kansa. Ranar da aka ajiye, sai a zuba ƴan ƙwallaye masu lambobi cikin wata na'ura mai juyawa, a gaban shaidu. Na'urar ta yi ta juyawa, ƙwallaye su faɗo ɗaya bayan ɗaya. Wanda lambobinsa suka dace da waɗanda suka faɗo, shi ya ci.

Kyaututtukan ba ɗaya ba ne. Akwai ƙanana, akwai matsakaita, akwai kuma wadda ta fi duka girma. Ita ce za mu kira babban rabo.

Ku lura da wani abu. A wasan dara, gwani ne yake ci. A kokowa, mai ƙarfi da dabara ne yake kada abokin karawarsa. A loteri kuwa, ba gwani. Ƙarfi ba ya aiki, wayo ba ya aiki, yawan karatu ma ba ya aiki.

Loterin ƙasa

A ƙasashe da yawa, gwamnati ce take riƙe da loteri, ko kuma ita take ba wani kamfani izinin gudanar da shi. Shi ake kira loterin ƙasa. Dalilin gwamnati shi ne samun kuɗin shiga ba tare da ta ƙara ma jama'a haraji ba.

Wannan dabara tsohuwa ce. A Ingila, a shekarar 1569, zamanin sarauniya Elizabet ta farko, an yi loteri don a samu kuɗin gyaran tashoshin jiragen ruwa. A Sipaniya akwai loterin Kirsimeti da ake yi tun 1812. Kowace shekara, ran 22 ga watan Disamba, ƴan wata makaranta ta birnin Madrid mai suna San Ildefonso su ne suke rera lambobin da suka fito, jama'ar ƙasa suna saurare. Faransa ta buɗe loterin ƙasarta na zamani a 1933. Gana ta kafa nata a 1958. A nan Nijar an kafa hukumar loterin ƙasa, wadda aka sani da suna LONANI, a 1966. Bayan tike masu lambobi, ta kawo kuma wasan PMU, inda mutane suke zuba kuɗi a kan tseren dawakin da ake yi can Faransa.

Ƙaramin loteri a kan allo

Mu ƙaddara an shirya wani ƙaramin loteri. An buga tike 1.000. Kowane tike sefa 200 ne, wato dala arba'in. An sayar da su duka. Nawa aka tara?

1.000 x 200 = 200.000

An tara sefa 200.000. Masu shirya wasan suka ware rabi, wato sefa 100.000, don kyaututtuka. Ga yadda suka raba su:

Babban rabo ɗaya na sefa 50.000.
Kyauta 5 ta sefa 5.000, wato sefa 25.000.
Kyauta 50 ta sefa 500, wato sefa 25.000.

Sauran rabin kuwa, da shi ake biyan masu sayar da tike da masu buga takardu da ma'aikata. Abin da ya rage ya shiga baitulmali.

Yanzu mu ƙidaya mutane. Waɗanda suka ci su 56 ne. Waɗanda ba su samu kome ba su 944 ne. Wanda ya ɗauki sefa 50.000, kuɗin wa ya ɗauka? Kuɗin mutanen da suka sayi tike ne, har da maƙwabtansa. Masu shirya wasan ba su sa ko tamma daga aljihunsu ba.

Ga wata tambaya. In wani attajiri ya saye tiken nan duka shi kaɗai, lalle shi zai ci kowace kyauta. Amma ya biya 200.000, an maido masa 100.000. Ya ci babban rabo, ya kuma yi asarar rabin kuɗinsa! Wannan ya nuna mana cewa, in aka haɗa masu saye gaba ɗaya, kullum abin da suke karɓa bai kai abin da suka zuba ba.

Haka manyan loteri na duniya suke aiki. Wani yana maida ma masu saye rabin abin da aka tara. Wani, kamar na Kirsimeti a Sipaniya, yana maida kashi 70 cikin 100. Ba wanda yake maida duka, don in ya yi haka ba zai samu kuɗin biyan ma'aikatansa ba.

Ƙasashe suna haɗa kai

Tun da daga aljihun masu saye kuɗin suke fitowa, in masu saye sun yi yawa, babban rabo sai ya ƙara girma. Ƙasa mai mutane kaɗan ba ta iya tara kuɗi masu yawa ita kaɗai. Shi ya sa waɗansu ƙasashe suke haɗa tukunya ɗaya.

A nan yankinmu akwai ƙungiyar ƙasashe da ake kira Conseil de l'Entente, wadda aka kafa a Abijan a 1959. Nijar tana cikin waɗanda suka kafa ta, tare da Kodibuwar da Dahome, wadda ta zama Benin, da Haute-Volta, wadda ta zama Burkina Faso. Togo ta shiga a 1966. Hukumomin loteri na ƙasashen nan biyar sun ƙago wani wasa na tarayya mai suna Tranche Commune Entente. An tsara shi ta yadda za a sayar da tike a ƙasashen duka, a riƙa yin bikin fidda lambobi bi da bi, bana a wannan ƙasa, baɗi a waccan.

A Turai akwai wanda ya fi shi girma nesa, sunansa EuroMillions. An fara shi a watan Fabrairu na 2004 da ƙasashe uku: Faransa da Sipaniya da Ingila. A watan Oktoba na wannan shekara ƙasashe shida suka shigo: Beljik, Suwis, Otirish, Irland, Fotugal da Lukzambur. Mutanen Lukzambur ba su kai miliyan ɗaya ba. Da su kaɗai ne, da ba su taɓa ganin babban rabo irin na EuroMillions ba. Ana fidda lambobi a birnin Paris sau biyu a mako, ran Talata da ran Juma'a. A Faransa, kuɗin wasa ɗaya yuro 2 da rabi ne, wato wajen sefa 1.640. An sa ma babban rabo iyaka: ba ya wuce yuro miliyan 250. A shekarar 2025 an ci wannan adadi har fiye da sau ɗaya. In an juya shi zuwa kuɗinmu, ya kai kusan sefa miliyar 164.

Amurka ƙasa ɗaya ce, amma jihohinta suna da dokokinsu dabam-dabam. Jihohi fiye da 40 sun haɗu a kan wani wasa mai suna Powerball, wanda aka fara a 1992. A watan Nuwamba na 2022, wani tike da aka saya a jihar Kaliforniya ya ci dalar Amurka miliyar 2 da miliyan 40. Kada ku haɗa dalar Amurka da dalarmu ta kasuwa. Tamu sefa 5 ce, tasu kuwa ɗaruruwan sefa ce.

Hanyoyi nawa ne?

Yanzu mu duba wuyar cin babban rabo. Za mu fara da ƙaramin misali.

Ga lambobi biyar: 1, 2, 3, 4, 5. An ce ka zaɓi biyu. Hanyoyi nawa ne kake iya zaɓe? Mu jera su: 1 da 2, 1 da 3, 1 da 4, 1 da 5, 2 da 3, 2 da 4, 2 da 5, 3 da 4, 3 da 5, 4 da 5. Hanyoyi 10 ke nan. Ɗaya ce kawai za ta fito. Sai mu ce damar cinka ɗaya ce cikin 10.

In lambobin sun zama goma, aka ce ka zaɓi biyu, hanyoyin sun zama 45. In aka ce ka zaɓi uku cikin goma, sun zama 120. Kun ga da an ƙara lambobi kaɗan, sai hanyoyin su yi tsalle.

A EuroMillions, mai wasa yana zaɓen lambobi 5 cikin 50. Hanyoyin yin haka 2.118.760 ne. Bayan wannan kuma yana zaɓen waɗansu lambobi 2 cikin 12, waɗanda ake kira taurari. Hanyoyin zaɓen taurari 66 ne. Ba a cin babban rabo sai lambobin bakwai duka sun dace. Mu ninka:

2.118.760 x 66 = 139.838.160

Damar ci ɗaya ce cikin 139.838.160. Wannan adadi yana da wuyar ɗauka a kai, don haka mu auna shi da abin da muka sani. A ƙidayar da aka yi a 2012, mutanen Nijar miliyan 17 ne da ɗoriya. Adadin nan ya ninka su sau takwas.

Ga wani awon. A ce an jera ƙwayoyin wake 139.838.160 a bakin hanya, kowace ƙwaya ta ci wurin santimita ɗaya. Tsawon layin zai kai kusan kilomita 1.400, wato wajen nisan Yamai zuwa Difa. Layin ya bi ta Doso, ya bi ta Birnin Ƙonni, ya wuce Maraɗi, ya wuce Damagaram. A cikin waken nan duka, ƙwaya ɗaya ce aka shafa ma jan fenti. Aka ɗaure maka ido, aka sa ka cikin mota, aka ce ka tsaida direba inda ka ga dama, ka sauka ka ɗauki ƙwaya guda. In jar ka ɗauko, ka ci. Wannan ita ce damar mai tike ɗaya.

Mutumin da yake sayen tike ɗaya kowace Talata da kowace Juma'a, yana sayen 104 a shekara. Kafin yawan tikensa ya kai yawan hanyoyin nan, sai ya yi shekara fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Wanda kuma ya ce zai saye hanyoyin duka rana ɗaya, sai ya biya kusan yuro miliyan 350, alhali babban rabon ba ya wuce miliyan 250.

Mi ya sa babban rabo yake ƙara girma?

In an fidda lambobi ba wanda ya dace, ba a maida ma mutane kuɗinsu. Sai a ajiye babban rabon, a haɗa shi da na wasa mai zuwa. In an sake, ba wanda ya ci, a sake haɗawa. Kuɗi su yi ta taruwa. Da mutane sun ji adadin ya yi girma, har waɗanda ba su saba saye ba sai su fito su saya. Sayen nasu kuma ya ƙara ma tukunyar kuɗi.

Masu shirya wasa sun gane wannan sarai. Sun san babban adadi shi yake jawo masu saye. Sun san kuma adadin ba ya girma sai in ci ya yi wuya. Ku dubi abin da ya faru da taurarin EuroMillions. A 2004 taurari 9 ne, damar ci ɗaya ce cikin 76.275.360. A 2011 aka maida su 11, damar ta koma ɗaya cikin 116.531.800. A 2016 aka maida su 12, ta koma ɗaya cikin 139.838.160.

Haka aka yi a Powerball. A 2015 an canza yawan ƙwallaye. Damar cin babban rabo, wadda a da take ɗaya cikin wajen miliyan 175, ta koma ɗaya cikin 292.201.338. Ba a daɗe ba, a watan Janairu na 2016, babban rabo ya haura dala miliyar ɗaya da rabi. Wancan na 2022 kuwa, sai da aka yi wata uku ana wasa ba wanda ya ci kafin ya kai inda ya kai. Wata uku miliyoyin mutane suna zubawa suna tashi hannu wofi.

Adadin da ake shela ma ba kullum shi mai ci yake karɓa ba. A Amurka, adadin da ake faɗi shi ne jimlar abin da za a biya kashi 30, shekara bayan shekara. Wanda yake son kuɗinsa nan take, abin da za a ba shi bai kai haka ba. Mai tiken Kaliforniya ya zaɓi a biya shi nan take. Abin da aka lissafa masa bai cika miliyar ɗaya ba, sannan kuma gwamnati ta cire harajinta.

Zantukan da ba su da tushe

Akwai maganganun da ake yawan ji a bakin masu wasa. Mu auna su.

Wani ya ce: «Lamba 7 ta daɗe ba ta fito ba, yau lalle za ta fito.» Ƙwallo ba shi da tunani. Bai san abin da ya faru makon jiya ba. Duk ranar wasa, ƙwallayen duka daidai suke.

Wani ya ce: «Saura lamba ɗaya in ci, na kusa.» Wanda ya kuskure da lamba ɗaya bai fi kowa kusa da cin wasa mai zuwa ba. Gobe daga farko za a soma.

Wani ya ce: «Akwai mai ba da lambobi, in ka biya shi.» Ku yi tunani. Da ya san lambobin da za su fito, mi zai hana shi ya je ya ci miliyoyin da kansa, ya tsaya karɓar ƴan dalolinka?

Wani kuma saƙo ne yake shigo masa a wayar salula, a ce ya ci kyauta a wani loteri na ƙasar waje, ya aiko da kuɗin takardu. Wanda bai sayi tike ba, ba ya ci. Wannan aikin ƴan damfara ne. In kun ga irin saƙon nan a wayar gidanku, ku faɗa ma iyayenku kada su aika ko dala.

Mi ya sa mutane suke yarda da irin zantukan nan? Don wanda ya ci shi ake nunawa. A ɗauki hotonsa, a faɗi labarinsa a rediyo da telebijin. Miliyoyin da suka rasa kuwa, ba wanda yake kiran sunansu. Kowa ya yaga tikensa ya koma gida shiru.

Loteri da adashe

Kun san adashen da iyayenmu mata suke yi. A ce mata 10 ne, kowace tana zuba jika guda, wato sefa 1.000, kowane mako. Kowane mako mutum ɗaya ta kwashi sefa 10.000. Bayan mako goma, kowace ta zuba 10.000, kowace ta kwashi 10.000. Ko da uwar adashe ta ɗauki ɗan ladan wahalarta, kowa ya san ranar kwasarsa tana zuwa. A loteri ma ana zubi, amma mafi yawan masu zubi ba su da ranar kwasa.

Mu yi lissafi na ƙarshe. Magidancin da yake sayen tiken sefa 200 kowace rana, nawa yake kashewa a shekara?

200 x 365 = 73.000

Sefa 73.000 a shekara, sefa 730.000 a shekara goma. Dala arba'in ba ta da nauyi a hannu, shi ya sa mai ita ba ya jin fitarta. Amma daga kuɗin cefane take fita, ko kuɗin magani, ko kuɗin littafin yaro. Wani kuma in ya rasa, sai ya ƙara zubawa don ya maido abin da ya tafi. Daga nan sai bashi, daga bashi sai sayar da akuya ko hatsin rumbu. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gaskiya ne, wani kashi na kuɗin loterin ƙasa yana shiga ayyukan jama'a, kamar gina aji ko ɗakin shan magani ko filin wasa. Amma yana da kyau mu san masu biya. Attajiri in ya rasa dala arba'in, bai san ya rasa ba. Talaka in ya rasa ta, tukunyar gidansa ce take ragewa.

Saboda irin wannan haɗari, ƙasashe da yawa sun hana yara shiga wasan. A Faransa da Ingila, doka ta hana a sayar ma wanda bai kai shekara 18 ba. Addinin Musulunci kuma ya hana caca. An ambaci wannan hani a cikin Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91.

Abin riƙewa

Kuɗin babban rabo daga aljihun waɗanda suka rasa suke fitowa. Masu saye, in aka haɗa su duka, ba su karɓar abin da suka zuba. In babban rabo ya yi girma ƙwarai, alama ce ta cewa cinsa yana da wuya ƙwarai. Duk wanda ya ce maka ka kawo kaɗan ka samu da yawa, ka ɗauki alli ka yi lissafi tukuna.

Tambayoyi

1. Mi ya bambanta loteri da wasan dara?
2. A wace shekara aka kafa hukumar loterin ƙasa ta Nijar?
3. Waɗanne ƙasashe uku ne suka fara EuroMillions?
4. Don mi ƙasashe suke haɗa kai su yi loteri ɗaya?
5. Mi ake yi da babban rabo in ba wanda ya ci?
6. Mi ya faru da damar ci lokacin da aka ƙara yawan taurari?
7. Faɗi bambanci ɗaya tsakanin adashe da loteri.

Aiki

1. Ga lambobi shida: 1, 2, 3, 4, 5, 6. Ku jera duk hanyoyin da ake iya zaɓen biyu a cikinsu. Hanyoyi nawa kuka samu?
2. An sayar da tike 2.000 a kan sefa 100 kowane. An ware rabin kuɗin don kyaututtuka. Nawa aka tara? Nawa masu saye suka rasa gaba ɗaya?
3. Ran kasuwa, ku tambayi kuɗin tiyar hatsi. Ku lissafa tiya nawa sefa 73.000 suke saye. Ku tambayi uwayenku kwana nawa wannan hatsi zai ciyar da gidanku.
4. Ku zuba ƙwayar wake 99 fara da ƙwaya ɗaya ja cikin ƙwarya. Kowane ɗan aji ya rufe ido ya ɗauki ɗaya, ya duba, ya maida. Ku rubuta a kan allo mutum nawa suka ɗauko jar.